Allurar Zafin Inji da Uzurin "Ban Sani Ba"

Duk wanda ya taɓa hawa motar kasuwa a ƙasar Damargu cikin bazara ya san irin wannan tsayuwar. Akori-kura ce ta taso daga ƙauyukan Falanko, an danƙara mata buhunan hatsi da wake, an ɗaure awaki a gefe, mutane sun hau saman kaya kowa ya rufe fuska da rawani ko gyale. Tana cikin nishi a rairayi sai warin ƙonanniyar roba ya taso, can kuma tururi ya fara bulbulowa daga gaba. Direba ya kashe mota. Karen mota ya diro da jarka, ya naɗe hannu da tsumma, ya nufi murfin lagireto, maigidansa ya daka masa tsawa: "Kai, bar ta ta huce! So kake ka toye fuskarka?" Fasinjoji suka watse neman inuwar aduwa. Wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Haka Allah ya so." Aka amsa masa, "Allah ya sa hakan ne mafi alheri."

Maganar dattijon gaskiya ce, babu musulmin da zai musa ta. Sai dai da wani zai leƙa gaban direba, sau da yawa zai tarar da allurar da aka yi don ta faɗi zafin inji tana kwance ba ta motsi, kuma ba yau ta kwanta ba. Wayarta ta tsinke tun bara, ko makaniki ya cire ta lokacin wani gyara bai mayar ba, ba wanda ya sake bi ta kanta. A nan tambayar take, kuma tambaya ce ta addini kafin ta zama ta gareji: mutumin da aka ba shi hanyar sani, ya bar ta ta mutu, yana da bakin cewa bai sani ba?

Akwai zamanin da direba ke da wannan bakin. Motocin farko ba su zo da ma'aunin zafi ba. Ford Model T, wadda aka ƙera sama da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927, mafi yawanta ko famfon tura ruwa ba su da shi. Ruwan da ya yi zafi shi ke hawa sama da kansa, mai sanyi ya sauko. Mai tuƙi ba ya sanin halin da injinsa ke ciki sai ya ga tururi, ko ya ji ƙarfe yana ƙwanƙwasa, lokacin kuwa sau da yawa ɓarna ta riga ta auku. A 1912 wani Ba'amurke mai suna Harrison Boyce ya fito da wata ƴar na'ura da aka sa wa suna Boyce MotoMeter. Ma'aunin zafi ne na gilashi mai jan ruwa a ciki, an saka shi cikin wani zagayayyen ƙarfe, ana ɗaura shi a kan murfin lagireto, can a hancin mota. Direba na zaune a kujerarsa yana hango jan layin ta gilashin gaba. In ya ga ya haura sama, ya san lokacin tsayawa ya yi. Wani Bajamushe ɗan ci-rani, Hermann Schlaich, shi ya kafa kamfanin da ke ƙera ta a New York, kuma kafin ƙarshen shekarun 1920 an sayar da miliyoyinta. A Ingila aka yi irinta mai allura, Calormeter, wadda aka saba gani a hancin motocin Morris da Austin.

Abin lura shi ne, da farko na'urar ba ta cikin jikin mota. Kayan ƙari ce, mutum ya saya da kuɗinsa ya ɗaura, ko ya bari. Wato sani kansa ya zama abin da ake zaɓa. Daga baya masu ƙera motoci suka ga batun ya fi ƙarfin zaɓi, suka dawo da ma'aunin gaban direba, kusa da na mai da na gudu, har ya zamana kusan babu motar da ke fitowa ba tare da allura ko jar fitilar gargaɗi ba.

A shekarun da na'urar Boyce ke tashe ne mota ta fara leƙo ƙasarmu Nijar. Ranar 28 ga Oktoba 1924 motocin Citroën guda takwas, masu sarƙa a baya maimakon taya, suka tashi daga Colomb-Béchar a Aljeriya ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, suka ratsa Sahara, suka biyo ta Yamai da Tasawa da Damagaram kan hanyarsu ta zuwa Cadi. Ƙasar da suka shigo kuwa ta daɗe da sanin cewa da ruwa ake auna tafiya. Damargu rumbun hatsi ce ga mutanen Abzin, kuma mashigar fatake tsakanin Kano da Agadas. Da ayarin gishiri matafiyi Heinrich Barth ya sauka a cikinta a watan Janairun 1851. Madugun wancan zamani ba shi da allura, amma yana da lissafi. Ya san yawan salkunansa, ya san kwana nawa ne tsakanin rijiya da rijiya, yana duba tozon raƙumi da tafiyarsa ya gane wanda ba zai kai ba. Babu wanda ya taɓa cewa madugu ya raunana imani don ya ƙirga salka. Wanda ya tashi da ayari bai ƙirga ba shi ake kira mai ganganci. Inji dai dabba ce da ba ta da tozon da za a duba, shi ya sa aka yi mata allura.

Yana da kyau a fahimci abin da allurar ke faɗi, domin hukunci ba ya tsayawa sai an san yadda abu yake. Man da inji ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku na zafinsa ruwa ne ke kwashewa ya kai lagireto, iska da fanka su huce shi. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfin lagireto mai lafiya yana riƙe matsi, ya sa ruwan ya jure har wajen digiri 120 bai tafasa ba. Shi ya sa murfin da robarsa ta mutu, ko wanda aka maye gurbinsa da tsumma da leda, ya isa ya jawo wahala shi kaɗai. Shi ya sa kuma buɗe murfi da zafi ke watsa wa mutum tafasasshen ruwa. Injin mota ya fi son zama wajen digiri 80 zuwa 90. Idan ya wuce iyaka aka ci gaba da taka shi, gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe, ruwa ya haɗu da baƙin mai, daga ƙarshe inji ya buga. A Damargu komai na taimaka wa zafin: rana tana haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, rairayi yana tilasta tafiya da ƙaramar giya, inji na kuka iska ba ta shiga, ƙura da ƙaiƙayi suna toshe ramukan lagireto daga waje, ruwan rijiya mai gishiri ko kanwa yana toshe shi daga ciki. Tsakanin lokacin da allura ta fara hawa da lokacin da inji zai lalace akwai ƴan mintoci. Waɗannan ƴan mintocin su ne duk abin da Boyce ya ƙara wa direba, kuma a cikinsu ne ake raba gyaran bel ɗin fanka da sauke inji gaba ɗaya, ake raba jinkirin awa guda da kwana a daji.

To, ina ƙaddara ta shiga? Wasu suna ji a ransu kamar yawan duba allura da tsayawa bincike alama ce ta rashin sakankancewa da Allah, musamman in an riga an yi addu'ar hawa abin hawa. Magabata sun daɗe da warware wannan. A shekara ta 17 ko 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham, da ya kai Sarg aka gaya masa annoba ta ɓarke a gaba. Ya yi shawara, ya yanke a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya kuma buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai dabbobinsa, da ƙaddarar Allah ya kai su. Labarin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da malaman zaurenmu ke karantarwa. Abin da ya kamata a lura da shi a ƙissar shi ne cewa labari ne ya canza hukuncin tafiyar. Kafin a gaya wa Umar, ci gaba da tafiya ba laifi ba ne. Bayan an gaya masa, sai ya zama akwai abin da zai amsa a kai. Direban da ya ga allura ta kai ja ya tsaya, da ƙaddara ya tsaya. Wanda ya gani ya ƙara taka mai, shi ma da ƙaddara ya taka, amma ba hisabinsu ɗaya ba.

Wanda allurarsa ta mutu fa? Shi ai bai ga komai ba. A nan ne malamin Malikiyya na Masar, Shihabuddin al-Ƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya yi bayani mai amfani a littafinsa al-Furuƙ. Ya raba jahilci gida biyu. Akwai wanda yake da wuyar kaucewa a al'ada, kamar mutum ya sha ruwa yana zaton mai tsarki ne alhali najasa ta faɗa ciki ba alama; wannan shari'a ta yafe. Akwai kuma wanda mutum zai iya kawar da shi ba tare da wahala mai yawa ba. Wannan ba ya zama uzuri. In aka ɗora wannan ma'auni a kan mota, sai a ga abin mamaki: iyakar uzuri tana matsawa da zamani. Direban 1910 da injinsa ya ƙone a hanya yana cikin kashi na farko, domin ba shi da hanyar sani. Direban yau da ya share wata shida yana kallon matacciyar allura kullum safiya ya koma kashi na biyu. Rashin saninsa na ranar da mota ta tsaya gaskiya ne, amma shi ya gina shi da hannunsa tun watanni kafin nan. Ƙaramar na'ura ta ɗauke wani abu daga cikin abubuwan da suke ɓoye ga bawa, ta maido shi cikin waɗanda za a tambaye shi. Alƙur'ani a Suratul Isra'i ya ambaci ji da gani da zuciya a matsayin abubuwan da za a yi tambaya a kansu, kuma allura ƙari ce ga gani.

Wannan ba sabon fiƙihu ba ne da aka ƙirƙiro don mota. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ɗaliban Damagaram da Tanut ke bi baƙi-baƙi, ta ɗora lamuni a kan mai kora dabba da mai janta da mahayinta game da abin da ta tattake. Dalili shi ne linzami na hannunsu. A 1993 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei, ta yi hukunci a kan haɗarin mota bisa wannan tushe: bin ƙa'idojin hanya wajibi ne, direba yana ɗaukar alhakin cutar da ya jawo, ba a sauke masa sai in abin ya zo ta ƙarfin da ba zai iya turewa ko kauce masa ba. Kisan kuskure ma, wanda babu niyya a cikinsa, Suratun Nisa'i ta ɗora masa diyya da kaffara. Addinin da ya sa azumin wata biyu a jere a kan kuskure ba zai ɗauki sakaci abin wasa ba.

Sai dai adalci ya hana a tattara laifin duka a kan direba, kuma duk wanda ya san tashoshinmu ya san haka. Mafi yawan direbobi ba su ne masu mota ba. Mai mota yana gari yana jiran kuɗin yini, in aka ce masa allura ta mutu sai ya ce, "Mota tana tafiya ko ba ta tafiya?" Direban da ya matsa a gyara yana iya wayar gari an karɓe makulli an ba wani. Kayan gyara na kirki sai an je Damagaram, wani lokaci sai an aika Maraɗi ko Kano, abin da ake samu kusa kuwa sau da yawa tsohon da aka ciro daga wata mota ne. Makaniki ma yana da nasa kason. Al'ada ce da ta bazu a garejojin Nijar da Najeriya a cire abin da ke daidaita zagayawar ruwa a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a ce wa mai mota an yi maganin zafi har abada; daga nan sai kowa ya daina ganin amfanin allura. Fasinja kuma, wanda ransa ne ke cikin haɗari, shi ne na farko da zai yi tsaki in direba ya tsaya duba ruwa: "Malam, kasuwa za ta watse fa!" Talauci gaskiya ne, kuma shari'a tana duba iko. Amma haɗa wayar da ta tsinke ko sauya ɗan abin da ke jin zafin ruwa bai kai kuɗin taya guda ba, bai kuma kama ƙafar kuɗin sauke inji ba. Abin da ya fi yawa a nan sabawa da haɗari ne, har ya daina ba kowa tsoro. Alhakin yana rabuwa gwargwadon iko: wanda ke da kuɗin gyara ya hana, nasa ya fi na wanda ya roƙa aka ƙi.

A kudu, inda gari ke bin gari, mutuwar mota ɓata lokaci ne. Daga Tanut zuwa arewa lissafin daban yake. Titin da ya tashi daga Damagaram ya bi ta Bakin Birji da Tanut da Aderbisinat zuwa Agadas ya haura kilomita 400, kuma bayan Agadas akwai wuraren da motar da ta tsaya ba ta da mai wucewa sai bayan kwanaki. A ƙarshen Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Galibinsu ƴan yankin Kance ne, a nan jihar Damagaram, kuma gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Ko mene ne ya lalace a motocin nan, abin da ya faru ya nuna nauyin amanar da ke kan duk wanda ya ɗebi mutane ya nufi inda babu rijiya. A irin wannan hanya, ruwan shan yara da ruwan lagireto daga jarka ɗaya suke fitowa, kuma injin da ke zubar da ruwa yana shanye rabon mutane ne.

Akwai kuma wani gefen da bai kamata a ɓoye ba, domin shi ne ke hana mai riƙo da sababi girman kai. Allura tana iya yin ƙarya. Na'urar Boyce ba ta taɓa ruwan kansa ba, zafin tururin da ke samansa take aunawa, saboda haka abin da take nunawa kusantar gaskiya ne kawai. Ta zamani ma tana da makantarta: in ruwa ya tsiyaye gaba ɗaya, abin da ke jin zafi ya rasa ruwan da zai taɓa, allura tana iya zama daidai ko ma ta sauka alhali inji yana ƙonewa. Tsofaffin direbobi sun san wannan, shi ya sa ba sa barin duba lagireto da ido kafin a tayar da mota da asuba, suna kuma sauraren kukan inji da shinshina iska. Duk da haka tiyo sabo yana iya fashewa, dutse yana iya huda lagireto a inda ba a zata ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa sabubba uku a babin tawakkali na Ihya: akwai tabbatattu, akwai waɗanda ake kyautata zaton amfaninsu, akwai na wahami. Barin tabbatattu a wurinsa ba tawakkali ba ne ko kaɗan. Ya kuma kawo labarin Ibrahim al-Khawwas, sufin da ya shahara da ratsa daji bisa dogaro ga Allah, wanda duk da haka ba ya rabuwa da igiya da abin ɗiban ruwa, domin ya san ruwan daji a ƙasan rijiya yake. Ruwa a lagireto sababi ne tabbatacce. Allura mai aiki sababi ce mai ƙarfi. Babu ɗayansu da ke ba da lamunin isa gida, kuma wannan ragowar da hannu ba ya kaiwa ita ce gurbin tawakkali na gaskiya.

Saboda haka kalmar "ƙaddara ce" tana da wurinta, kuma wuri ne mai daraja. Ita ce ke kwantar da zuciyar matar da mijinta bai dawo ba, ita ce ke hana direban da ya yi iya ƙoƙarinsa ya kashe kansa da baƙin ciki. Malamai sun ce ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta sami mutum, ba a kan laifin da ya aikata ba. Ɓarnar tana zuwa ne in aka ɗauko kalmar ta'aziyya aka mai da ita ta rufe bincike, har ya zamana tambayar "me ya sa ba a gyara ba?" ta koma kamar jayayya da Ubangiji. Wannan zalunci ne ga mamaci, kuma ƙarya ce ake jingina wa addini.

Malaman da ke wa'azi a masallatan tasha, daga Tanut zuwa Belbeji, suna da damar da babu wani jami'in hanya da ke da ita, domin direba da mai mota da makaniki duk a sahu ɗaya suke tsayawa a bayansu. Ya kamata su faɗa ƙarara cewa ɗaukar fasinja a motar da aka san ma'auninta ya mutu cin amana ne, kuma mai motar da ya hana kuɗin gyara yana da kaso a duk abin da ya biyo baya. Shugabannin tasha su sa duba allura da murfin lagireto da jarkar ruwa cikin sharuɗɗan ba da layi, kamar yadda ba sa mantawa da karɓar kamasho. Kai kuma fasinja, ko daga Falanko ka taso ko daga Gangara, in direba ya tsaya don allura ta hau, ka sauka ka taya shi ɗauko ruwa, kada ka zama wanda ya matsa masa ya ci gaba.